Cinikin biri a sama: yadda mai DAMAC ya gina daularsa, da abin da aka kwaso mana Abuja

Duk wanda ke zaune a Abuja, in dai lambar wayarsa ta taɓa faɗawa hannun dillalan gidaje, to ya san irin saƙon nan da ke shigowa WhatsApp ba ko sallama: hoton dogon bene na gilashi, ruwa shuɗi a gindinsa, a ƙasa an rubuta wai ka ba da kashi 20 yanzu, sauran kuma kashi ɗaya-ɗaya duk wata. Rabin saƙonnin na Dubai ne, rabi na nan Guzape da Katampe da Jahi, kuma in ka rufe sunan unguwar da yatsa ba lallai ka iya bambance su ba. A cikin na Dubai ɗin akwai sunan da ke yawan maimaituwa, DAMAC, wanda ko 'yan gidan kallo da ba su da niyyar sayen bulo ɗaya sun gan shi a ƙirjin rigar Chelsea a ƙarshen kakar 2024/25. Tarihin kamfanin nan ya cancanci a zauna a warware shi, don kusan duk dabarar da ake mana a garin nan a can aka fara gwada ta, an kuma riga an ga inda take kai mutum in ta yi kyau da in ta ɓaci.

Mai kamfanin sunansa Hussain Sajwani, ɗan Dubai ne, kuma ba magini ba ne, ba injiniyan gini ba ne, ɗan kasuwa ne ɗan ɗan kasuwa. Babansa shago gare shi a Deira, wannan unguwar dai da 'yan kasuwarmu na Kano da Abuja suka sani kamar tafin hannunsu, yana sayar da agoguna da alƙaluma da riguna. Shi kuma ya tafi Amurka ya yi karatun tattalin arziki a Jami'ar Washington, ya dawo ya kama aiki a GASCO, kamfanin gas na Abu Dhabi, bai daɗe ba ya ajiye ya buɗe nasa a 1982. Me yake yi? Abinci. Kwangilar ciyar da ma'aikata a sansanonin aiki, har ya kai ga ciyar da sojojin Amurka lokacin yaƙin Gulf na 1991. Daga nan ya shiga gina ƙananan otal-otal a Deira a shekarun 1990, lokacin da fatake daga tsohuwar Tarayyar Sobiyat suka riƙa kwararowa sarin kaya. Wato mutum ne da ya saba da lissafin kai nawa, filet nawa, riba nawa a kowane kai, kuma da wannan idon ya kalli gidaje.

Ƙofar ta buɗe a 2002, shekarar da mahukuntan Dubai suka yarda baƙo ya mallaki gida a wasu keɓaɓɓun unguwanni, mallaka ta dindindin. Kafin nan Ba'indiye ko Bature ko ɗan Najeriya zai iya shekara talatin a garin amma haya kawai zai yi. A wannan shekarar Sajwani ya kafa DAMAC Properties, ya sayi fili a Dubai Marina lokacin wajen kusan fayau yake, ya zana bene mai hawa 38 da ake kira Marina Terrace, ya sayar da gidajen cikinsa cikin 'yan watanni tun ba a fara ginin ba. To nan ne kan maganar, sauran duk ado ne.

Bari in faɗe shi dalla-dalla don mutane da yawa suna zaton mai gina irin waɗannan gidaje attajiri ne da ya zuba kuɗinsa ya gina sannan ya sayar. Ba haka abin yake ba. Shi abin da yake sa wa a gaba fili ne da zane da talla. Kai mai saye ka kawo kashi 10 ko 20, ni na kawo, wancan ya kawo, da wannan ake tona rami a zuba fandisho, da biya na biyu a ɗaga hawa biyar, haka har sama. Wato masu saye su ne bankinsa, kuma banki ne mai daɗin sha'ani da ba ya karɓar kuɗin ruwa, ba ya neman jingina, ba ya aiko odita. Shi ya sa ake ɗan rage maka farashi, ladan kasadar da ka ɗauka ke nan ko ka sani ko ba ka sani ba. Malamai ma suna da babi a kan irin wannan, istisna'i, wato ka biya a ƙera maka abin da babu shi tukuna, kuma sharaɗin da suke nanatawa shi ne a fayyace siffar abin sosai yadda ba za a yi jayayya ba. Matsalar ba a asalin tsarin take ba. Matsalar ita ce ina kuɗin ke zama tsakanin ranar da ka biya da ranar da aka miƙa maka makulli, kuma wa ke da ikon taɓa shi.

Tsakanin 2002 da 2008 amsar a Dubai ita ce kusan ba wanda ya damu. Gari ya rikice da sayen takarda. Mutum zai ba da kashi 10 da safe, kafin wata ya zagayo ya sayar da takardar ga wani da riba, shi ma ya sayar wa wani, gida ɗaya ya canja hannu sau da yawa alhali ko rodi ba a ɗaure ba. DAMAC ta yi suna a wannan zamanin da talla mai ƙara, ka sayi gida a haɗa maka da mota, BMW ko Jaguar, daga baya na manya har Lamborghini, kowa kuma ya san kuɗin motar na cikin kuɗin gidan amma zuciya ba ta lissafi in ta ga makullin mota. Emaar ta Mohamed Alabbar, wadda ta gina Burj Khalifa, da Nakheel mai tsibirin dabino, su gwamnati na bayansu. DAMAC ta mutum ɗaya ce, ba ta da wannan inuwar, sai ta rama da surutu da yawan dillalai a ƙasashen duniya.

Sai 2008 ta zo. Bankunan duniya suka tsuke, masu sayen takarda suka ɓace, farashin gidaje a Dubai ya faɗi da kusan rabi, wasu wuraren ma fiye. A Nuwamban 2009 kamfanin gwamnati Dubai World ya roƙi masu binsa bashi su dakata masa, bashi na wajen dala biliyan 25, sai da Abu Dhabi ta kawo ɗauki, shi ya sa ma dogon benen da ake kira Burj Dubai aka wayi gari ranar buɗe shi a Janairun 2010 ya koma Burj Khalifa, sunan sarkin Abu Dhabi na lokacin. Ayyuka rututu aka soke a faɗin garin, ƙananan kamfanoni suka rufe ofis, mutane suka rage riƙe da rasit. DAMAC ta sallami ma'aikata, ta dakatar da ayyukan da ba a fara ba, ta riƙa matsar da masu saye daga benen da ba za a gina ba zuwa wanda ya yi nisa. Ba kowa ya ji daɗin wannan ba. Akwai aikinta na Palm Springs a tsibirin Jebel Ali da ta sanar da sokewa a 2008, masu saye, da yawansu Turawan Ingila, suka yi caa, ta janye sanarwar, amma ginin bai tashi ba. Sannan a 2011 bayan faɗuwar shugaban Masar Hosni Mubarak wata kotun ƙasar ta yanke wa Sajwani hukuncin ɗauri a bayan idonsa kan cinikin wani fili a gaɓar Bahar Maliya, ya kai ƙara kotun sasanci ta duniya, aka daidaita a 2013. Amma dai kamfanin ya rayu, kuma a wannan sana'ar wanda ya rayu bayan gobara shi ke tsince filayen waɗanda suka ƙone da araha.

Abin da ya fi muhimmanci a wajena ba ma tsirar DAMAC ba ce, gyaran da hukumar garin ta yi ne. Tun 2007 aka yi doka mai lamba 8 da ta ce kowane aiki sai an buɗe masa asusun amana na kansa a banki, kuɗin masu saye can zai shiga, ba aljihun kamfani ba, kuma ba a sakin kuɗin sai gwargwadon yadda gini ke tashi, da shaidar injiniya. Ko an gama ma ana riƙe kashi 5 har shekara guda, ko wata ɓaraka za ta fito. Aka kafa hukumar RERA a shekarar don sa ido. Dokar ta zo a makare, ta tarar an riga an sayar da takardu masu yawa, amma bayan faɗuwar aka ɗaure ta da gaske: sai ka mallaki filin, sai ka yi wa aikin rajista kafin ka fara talla, kowane ciniki kuma sai an shigar da shi rajistar hukumar filaye, wanda ke hana a sayar wa mutum biyu gida ɗaya. Ba wai yanzu ba a jinkiri ko ba a rigima kan ingancin aiki ba, ana yi sosai, amma ɗaukar kuɗin benen nan a je a sayi wani fili da shi ya yi wuya.

Da kasuwa ta farfaɗo sai Sajwani ya fito da dabara ta biyu, sayen suna. Siminti siminti ne, tayil tayil ne, to me zai sa wani ya biya ƙari mai tsoka a kan falo da ɗaki biyu irin na maƙwabcinsa? Suna. Aka yi gidaje masu adon Versace, masu na Fendi, wato fitattun kamfanonin kayan ƙawa na Italiya, dogayen benaye huɗu da sunan Paramount ta masu fim a Business Bay, bene mai hawa 50 a Nine Elms da ke Landan shi ma da adon Versace. Mai sunan ba ya ɗaukar ko shebur, haya kawai yake bayarwa ya karɓi kasonsa ya ɗan sa baki a kalar labule. Da abin ya yi daɗi ma sai Sajwani ya daina haya ya saye gidan ɗinkin Roberto Cavalli na Italiya a 2019, ya ƙara da kamfanin kayan ado de Grisogono na Suwizalan a 2022, yanzu sunan nasa ne yana liƙa shi inda ya ga dama. Na Chelsea ma haka ne, ba son ƙwallo ba ne kawai, akwai rukunin gidaje da aka sa wa sunan kulob ɗin.

Babban sunan da ya taɓa haya dai shi ne na Trump. A 2013 ya fara ƙaton rukunin gidaje da aka fara kira Akoya daga baya ya koma DAMAC Hills, a tsakiyarsa filin golf mai sunan Trump. A Disamban 2015 da Trump ya yi kiran a hana Musulmi shiga Amurka, aka ga an cire sunansa daga allon ƙofar shiga, bayan kwana biyu aka mayar. Wannan kaɗai ya ishe ka fahimtar yadda mutumin ke lissafi. An buɗe filin a Fabrairun 2017, 'ya'yan Trump biyu suka zo, a lokacin uban yana fadar White House. Shi Trump ɗin da bakinsa ya ce ya ƙi wata yarjejeniya ta dala biliyan 2 da Sajwani ya kawo masa dab da rantsar da shi a karon farko. A Janairun 2025 kuma sai ga su tare a Mar-a-Lago, gidan Trump na Florida, ana sanar da cewa DAMAC za ta zuba dala biliyan 20 a cibiyoyin ajiyar bayanai na kwamfuta a Amurka. Daga tukunyar abinci zuwa nan.

Akwai wani motsi da ya yi da ba a cika magana a kansa ba amma ni ya fi burge ni, ko in ce ya fi ba ni tsoro. A ƙarshen 2013 kasuwa na sama ya sayar da hannun jari a Landan, ya tara sama da dala miliyan 300, a 2015 ya koma kasuwar hannun jari ta Dubai. Daga 2014 farashin gidaje ya riƙa zamewa a hankali shekara bayan shekara saboda gini ya yi yawa, har a 2019 shi da kansa, mutumin da ya cika garin da benaye, ya fito yana cewa a dakatar da sabbin ayyuka na shekara ɗaya ko biyu kafin abin ya zama bala'i. Kamfanin ya yi asara a 2019 da 2020. To a daidai lokacin da hannun jarin ke ƙasa sai ya yi tayin saye na kowa, a 2022 ya fitar da kamfanin daga kasuwa ya koma nasa shi kaɗai. Ana gama wannan kasuwa ta yi tashin da ba ta taɓa yi ba, ga waɗanda korona ta koro saboda Dubai ta riga kowa buɗe ƙofa, ga Rashawa bayan fara yaƙin Yukiren, ga bizar zama ta shekara 10 ga duk wanda ya sayi gidan dirhami miliyan 2. Ribar wannan zamanin shi ya kwashe. Ba haramun ya yi ba, amma ka lura ko yaushe ana ciniki da shi, shi ne ya fi sanin ƙarfe nawa.

To ina mu a ciki? Mun daɗe a ciki ai. A 2020 cibiyar bincike ta Carnegie da ke Amurka ta fitar da rahoton Matthew Page da ya gano gidaje 800 a Dubai, kimarsu ta haura dala miliyan 400, masu alaƙa da 'yan siyasa da manyan jami'an Najeriya ko iyalansu da na kusa da su. Ba na kamfani ɗaya ba ne, na garin ne gaba ɗaya, kuma ba kowane ɗan Najeriya mai gida a can ne ɓarawo ba, akwai 'yan kasuwa na gaskiya da kawai suke neman inda za su ɓoye guminsu daga faɗuwar naira. Su ne ma na fi tausaya wa. In ka taɓa leƙa irin baje kolin da kamfanonin Dubai ke yi a manyan otal-otal na Abuja ka san yadda yake: ƙaramin samfurin bene a cikin gilashi da 'yan fitilu a kowace taga, dabino da gahawa a tire, wata yarinya ko saurayi cikin kwat riƙe da iPad yana zuƙo hoto da yatsu biyu yana cewa ranka ya daɗe saura guda uku a wannan hawan, kuma mai kallon teku wani Alhaji ya riga ya ce a ajiye masa zuwa la'asar. Babu wanda zai zauna ya karanta maka shafin da ke maganar in ka kasa biya.

Bari mu karanta shi mu. Dirhami, kuɗin Dubai, a ɗaure yake da dala, 3.67 a kowace dala, ba ya motsi. Gidan dirhami miliyan 2 wajen dala dubu 545 ke nan. A farkon 2023 a farashin gwamnati na naira 460 wannan naira miliyan 250 ne, a kasuwar 'yan canji ta Zone 4 inda dala ke wajen 750 kuma miliyan 400 da ɗoriya. Da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta je ta haura 1,500, gidan nan dai bai ƙara ko taga ɗaya ba ya koma sama da naira miliyan 800. Wanda ya riga ya biya duka ya ci riba ba ko gumi. Amma wanda ya shiga tsarin kashi ɗaya duk wata alhali da naira yake samu, shi biyansa na wata ya ninka, kuma dokar da ta kare shi daga kamfani ita ce dai ta kare kamfani daga shi: in ka kasa ci gaba, ana iya riƙe har kashi 25 na kuɗin gidan in aikin bai kai kashi 60 ba, in ya wuce haka har kashi 40. Ga kashi 4 na rajista da ka biya tun farko. Ga shi kuma daga ƙarshen 2022 har tsakiyar 2024 Daular Larabawa ta rufe wa 'yan Najeriya biza, jiragen Emirates suka daina zuwa, mutum na da gida a gari amma shiga garin ya zama aiki.

Yanzu mu dawo gida, don a nan abin ya fi ci mani rai. Masu gina rukunin gidaje a Abuja sun kwaso komai na Dubai: sunaye na Turanci masu ƙyalli, bidiyon kwamfuta da ke nuna yara na wasa a ciyawar da babu ita, biya kaɗan-kaɗan, har kyautar mota da shinkafa da rago lokacin Sallah. Abu ɗaya aka bari a can, asusun amanar. A nan galibi kuɗinka kai tsaye yake shiga asusun kamfani, wani lokacin ma asusun oga da sunansa, daga nan kuma sai yadda Allah ya yi da tsoron Allahn mutumin. Ban ce duk macuta ba ne, akwai masu cika alkawari kuma an san su. Amma ko mai niyyar kirki lissafi na iya kayar da shi: ya sayar maka da gida a farashin da buhun siminti ke wajen naira dubu biyar, kafin ya kai linta buhu ya haura dubu goma a farkon 2024, rodi ya bi dala, bashin banki kuma ruwansa ya doshi kashi 30. Me zai yi? Sai ya buɗe sabon aiki a Lugbe ko Karsana ya karɓi sabon kuɗi ya toshe ramin tsohon, kai kuma a aiko maka takarda wai an sake duba farashi, ka ciko miliyan kaza ko a mayar maka da kuɗinka in an sami wani mai saye.

Sakamakon yana nan a fili, ka bi ta bayan Katampe ko hanyar Jahi ka gani. Bene mai hawa shida ko bakwai ya tsaya a ƙwarangwal, rodin da ya leƙo daga saman ginshiƙi ya yi ja da tsatsa, allon tallan da ke jikin katanga rana ta cinye shi har ruwan wankan da ke hoton ya koma fari, maigadi ya shuka masara da kuɓewa a inda aka ce nan ne wajen ajiye motoci, matarsa ta shanya zannuwa a barandar hawa na ɗaya, wadda a takarda mallakar wata Hajiya ce da ta gama biya tuntuni. Ko manya ma ba su tsira ba, Centenary City da aka ƙaddamar a 2014 a hanyar filin jirgi da hannun Eagle Hills ta shi Alabbar ɗin nan na Burj Khalifa, shekaru sun shuɗe ana ta maganar farfaɗo da ita. Mutumin da ya iya a Dubai ya zo nan abin ya cije, ka ga ke nan ba iyawar mutum ɗaya ba ce.

Ga kuma maganar takarda. A yawancin rukunin gidajen nan C of O ɗin, wato takardar shaidar mallakar fili, na filin gaba ɗaya ne kuma da sunan kamfani yake, kai abin da ke hannunka wasiƙar alokeshan ce da rasit. In kamfanin ya jinginar da filin a banki, ko bai biya kuɗin ƙasa ba aka soke, ko tun asali akwai rigima a kan filin, wasiƙarka ba za ta tare buldoza ba. Shi ya sa zuwa AGIS, ofishin bayanan filaye na Abuja, a bincika fayil, da ganin amincewar hukumar kula da gine-gine da idonka, da biyan lauya naka na kanka ba na kamfani ba, ya fi duk wani bidiyo. Sannan wa ke sayen gidajen ma? Ka zaga Maitama da Asokoro da dare ka ƙirga tagogin da ba wuta. Kasuwar da gida ke zama ma'ajiyar kuɗi maimakon wajen kwana ba ta bin hankali, farashi na hawa ko ba mai haya, kuma rukunin gidaje 753 da EFCC ta ƙwace a Lokogoma a Disamban 2024 ya nuna irin kuɗin da ke yawo a ciki.

Saura abu ɗaya da masu saye ba sa tunaninsa sam, wato bayan an ba ka makulli. Gida a bene ba irin gidan gado na Tudun Wada ba ne da in rufi ya yi yoyo kai da kafinta ne. Ɗakunan naka ne, amma lif da janareta da famfon tura ruwa da ginshiƙan da ke ɗauke da kowa na tarayya ne, kuma kullum suna cin kuɗi. A Dubai kuɗin sabis da faɗin gidanka ake auna shi duk shekara, gidan da ya fi suna ya fi caji, wannan kan cinye rabon da aka yi maka alkawari na haya. A Abuja kuwa tun da aka ɗaga kuɗin wutar Band A, rukunin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ga dizal, rigimar kuɗin sabis ta zama abincin yau da kullum a guruf-guruf na mazauna, rabi sun biya rabi sun ce sai an nuna musu lissafi, mai hawa na ɗaya ya ce shi me ya haɗa shi da gyaran lif.

Inda wannan jan ƙafar ke kaiwa an gan shi a Surfside ta jihar Florida. Benen Champlain Towers South, ginin 1981, injiniya ya rubuta tun 2018 cewa akwai babbar lalacewa a kankaren ƙarƙashin wajen wanka, masu gidajen suka yi ta ja-in-ja kan kuɗin gyara da ya kai wajen dala miliyan 15, ranar 24 ga Yunin 2021 cikin dare wani babban sashe nasa ya rufto, mutum 98 suka mutu. Bayan wata huɗu da 'yan kwanaki, 1 ga Nuwamba, namu ya faɗo a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas, hawa 21, shi tun ba a gama ba, sama da mutum 40 suka rasu har da mai ginin, alhali kamfanin injiniyoyin da ke duba aikin ya rubuta takardar janye hannunsa tun 2020. Filin na Surfside kuwa da kotu ta sa aka sayar don a biya iyalan mamatan, mai saye ɗaya ne ya fito, dala miliyan 120, DAMAC. Za ta gina sabon bene mai hawa 12 da ofishin zanen gine-gine na Zaha Hadid ya zana, gida mafi araha a ciki daga dala miliyan 15, wasu daga cikin iyalan kuma sun so a bar wajen ne don tunawa da 'yan'uwansu.

A can Dubai ɗin ma zagayen bai ƙare ba. Takardun da aka sayar rututu daga 2022 yanzu ne suke zama benaye na gaske masu neman mazauna, shi ya sa a Mayun 2025 kamfanin Fitch mai auna ƙarfin biyan bashi ya yi hasashen farashi na iya sauka da har kashi 15 saboda yawan gidajen da za a miƙa. Wanda ya sayi takarda da niyyar ya juyar kafin a gama, shi zai fara ji a jikinsa, don ranar miƙa makulli ake neman babban kaso na ƙarshe, kuma a ranar ce kowa a benen ke son sayarwa lokaci ɗaya.